Jan Katin Hajo

Jiya da hantsi ina zaune ina tsintar shinkafa sai wayata ta yi ƙara. Bernice ce, 'yata ta biyu.

"Mama albishirinki! Watan gobe za a karrama Baba. Sun ce binciken nan nasa na Gubuchi, masana sama da ɗari huɗu sun kafa hujja da shi. Kuma suna so ki ce wani abu a wurin taron, tunda ke ce mataimakiyarsa ta farko. Ki fara neman leshi!"

Ta biyo da hoton zuciya har guda shida. Na kife wayar a kan tabarma, shinkafar ma na kasa ƙarasa tsintarta.

Masu karatu, kun daɗe kuna damuna a ƙasan labarin nan, kuna so ku ji yadda aka yi ni Rosaline 'yar Markus ta Ikara na auri Dakta Istifanus. Wasunku har cewa suke na yi dace. To ku gyara zama. Amma wadda ta zo neman labarin fure da turare ta yi haƙuri, yau ba shi na kawo ba.

Lokacin sojoji ne, shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, alhali aljihun ma babu komai a ciki. Sabulu sai an yi layi, madara sai an yi layi, soja na tsaye da bulala yana gyara sahu. Baba, mahaifina, yana cikin waɗanda aka sallama ranar da aka rage ma'aikata. Tun daga ranar ya kafa kujera a gindin darbejiyar tsakar gida, shi da rediyonsa, ba ya magana sai an tambaye shi. Mu tara ne a gidan. Ni na gama kwalejin horon malamai, takardata na ƙasan akwati tana jiran aikin da bai zo ba.

A bazarar shekarar sanƙarau ya shiga ƙauyukan Makarfi da Kudan ya yi ɓarna. Da abin ya lafa, sai ga wata farar Fijo a ƙofar cocinmu. Fasto ya aiko a kira ni. Wai wani malamin jami'a yana neman yarinya mai ilimi da za ta riƙa shiga gidaje tana yi wa mata tambayoyi, tunda shi namiji ba a barinsa ya wuce zaure.

Na same shi a jingine da motar, dogo, siriri, cikin safari ruwan toka, biro uku a aljihun gaba kamar wanda zai rubuta jarrabawar gari guda. Mutumin kudancin Kaduna ne, a makarantar kwana ta mishan ya tashi, Hausarsa tas amma ta birni ce.

"Ni ba likitan allura ba ne," in ji shi. "Ƙwaƙwalwa nake bincike, yadda take riƙe abu da yadda take sakinsa. Ina so in auna abin da ciwon nan ya bari a kan waɗanda suka tashi."

Ba shi kaɗai ba ne a aikin. Akwai wata Farfesa baturiya da ta tsara tambayoyin, da wasu masana biyu a wasu ƙasashen, kowa da takarda iri ɗaya, tambaya talatin. Doka ɗaya ya ba ni: abin da aka faɗa shi zan rubuta. Wadda ta yi shiru, sifili. Ba taimako, ba tuni. Wadda ta ci da yawa a ba ta koren kati, wadda ta faɗi a ba ta ja, da sa hannunsa da hatimi, don in an samu magani nan gaba a san wa za a nema.

Na ce to. Da ya ce in ƙirga gashin akuya ma a lokacin to zan ce.

A Gubuchi na haɗu da Hajo. Ba za ta wuce shekara arba'in ba, gajera, baƙa, mai kaifin ido. Mijinta ya rasu da daɗewa. Sanƙarau ya kwantar da ita tare da ɗanta na fari, ita ta tashi, shi bai tashi ba. Sauranta 'ya'ya mata biyu ƙanana da wata fadamar rake da suke ci daga ciki. Ta shimfiɗa min buzu, muka gaisa har sai da na gaji da amsawa, sannan na buɗe takarda.

Na faɗa mata kalma biyar na ce ta riƙe, zan tambaye ta a ƙarshe: goro, tsintsiya, rijiya, akuya, allura.

"Inna Hajo, wa yake mulkin ƙasar nan?"

"Soja."

"Wane sojan?"

"'Yar nan, wanda ya riga sauran tashi da asuba mana."

Na ƙunshe dariya na sa sifili, don suna ake nema. Muka ci gaba. Ranar kasuwa, watan da ake ciki, lissafin baya-baya, duk ta zuba min kamar tana karantawa. Sai muka zo tambaya ta goma sha ɗaya.

"Yaya sunan mijinki?"

Ta ja gefen mayafi ta rufe baki. "Marigayi."

"Sunansa nake nufi."

Ta kalli ƙasa. Na tambayi sunan uban mijin, ta ƙara sunkuyawa. Na ce ta jero min 'ya'yanta daga babba zuwa ƙarami.

"Akwai shi wancan, wanda ya tafi. Sai Sabuwa, sai Zulaihatu."

A dokar takardar, in aka kasa sunan farko jerin duka ya rushe, maki biyar sun tafi. Ni kuwa na san abin da ke faruwa, yaya ba zan sani ba? Mu Hausawa ne tun kafin kakana ya shiga coci. Innata har yau ba ta taɓa buɗe baki ta ce Timoti ba, shi ne ɗanta na fari, sai dai "yayanku", shi kuwa Baba "maigidan". Macen kirki a wajenmu ba ta kama sunan miji, ba ta kama na suruki, ba ta kama na ɗan fari. Hajo ba mantawa ta yi ba, kunya ce. Amma an ce abin da aka faɗa zan rubuta, na kuwa jera mata sifili. A ƙarshe ta maido min kalmomin nan biyar daga goro zuwa allura, ta sake maido su daga allura zuwa goro don ta tsokane ni. Duk da haka jan kati ta samu.

Mata sittin na yi wa tambayoyin tsakanin Gubuchi da Taba. Arba'in da ɗaya ja suka samu. Mazan da Dakta ya tambaya a zaure kusan duk kore.

Ba a ce ban yi magana ba. Ran nan muna dawowa a mota na ce, "Dakta, matan nan fa sun san sunayen. Faɗa ne ba za su yi ba."

Ya kauce wa rami. "Rosa, takarda ɗaya ce a ƙasa uku. In na taɓa tambaya ɗaya, Farfesa za ta ce namu bai shiga sahu ba, a ajiye shi gefe. Ki riƙa rubutawa a wani wuri, za mu duba daga baya."

Na sayi littafi mai shuɗin bango na 'yan makaranta. Kowace mace na sa sunanta, a gaban sunan na rubuta: ta sani, kunya ce.

Kada ku zage shi tukuna, don ni a lokacin ban ga abin zagi ba. Mutum ne mai tausayi. Ɗakin bincikensa ba wuta, na'urorinsa sun yi tsatsa, abokan aikinsa kullum sai an ji wani ya tsallake ya bar ƙasar. In ya zo gidanmu yakan durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya ajiye wa Inna sabulu da gwangwanin madara a bayan ƙofa don kada ta ji nauyi. Wasiƙa kuwa duk mako sai ta zo ta hannun Fasto, wai takardun aiki. "Rosa, ni da nake auna mantuwar mutane, in kika yi dariya a mota sai in manta inda za mu." Na karanta wannan layin har takardar ta yage a lanƙwasa. Na so shi, so na gaske, ba don madara ba.

Bayan shekara guda, wata Asabar cikin damina, ya zo da la'asar. An gaya min zai zo da magana, don haka Inna ta ciro min atamfarta mai ruwan ganye da take ɓoyo tun bikin Timoti, na ɗaura ɗankwali na ja shi gaban goshi, na sa 'yan kunnen Agnes ƙanwata. Ya zauna a benci kusa da Baba ya zaro ambulan mai tambarin ƙasar waje. Binciken ya karɓu. Za a buga shi a babbar mujalla, da sunansa a gaba, na Farfesa a baya. Abin da ya girgiza su shi ne wai sanƙarau ya fi cin ƙwaƙwalwar mata nesa ba kusa ba, abin da ba wanda ya taɓa ganowa. Sun gayyace shi shekara uku, shi da matarsa.

"Sai dai ba ni da matar," ya ce, yana kallon takalminsa.

Inna ta rangaɗa guɗa. Baba ya kashe rediyo da hannunsa, abin da rabon da in gani tun ranar da aka sallame shi.

Guɗar ba ta gama sauka ba muka ji sallama. Hajo ce, ƙafafunta laka har ƙauri, ta tambayo gidan Malama mai takarda tun daga tasha. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta gaida Inna, ta tambayi ruwa, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta sha ruwa sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro katin, a naɗe cikin leda.

Maƙwabcin gonarta, wani Ɗan'azumi, shi ya kai ta gaban alƙali. Ya ce fadamar aro ce ubansa ya ba mijinta. Ita kuwa tana wurin ranar da aka raba gado, ita ta kai wa dattawa fura, ta san wanda ya tsaya a ina da inda aka dasa adurukun iyaka. Dattawan duk sun mutu, biyun ƙarshe sanƙarau ne ya ɗauke su. Shaidarta kaɗai ta rage.

"Da ya ce ciwo ya taɓa min kai, sai na ce ƙarya yake, ga shaidar likita ya duba ni. Ni da hannuna na miƙa katin, Malama. Magatakarda ya karanta Turancin ya fassara. Wai ba na riƙe abu." Hajo ta miƙo min katin. "Aka yi ta dariya. Alƙali ya ce shi ba zai tsallake hatimin likita ba, sai dai wanda ya buga shi ya warware. Ya ba ni zuwa Alhamis."

Ta juya wajen Dakta. "Likita, me na manta? Faɗa min abin da na manta."

Ya kalle ni. Da ƙyar na ce, "Sunayen nan ne, Inna Hajo. Na maigidanki, da na mahaifinsa, da na babban."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "Ashe abin da kuke so ke nan."

Ta miƙe tsaye ta juya mana baya, ta fuskanci katanga.

"Sama'ila sunan mijina. Ubansa Musa. Wanda na haifa da fari kuwa, ranar Talata, damina ta biyu da aurena..." Muna jin ɗigar ruwa daga indararo. "Lawal. Shekara goma sha tara ban kira shi ba. Ranar da aka fita da shi a makara ma na cije ban kira ba. Lawal. Ka ji, Likita? Rubuta."

Innata ta ɗora hannu biyu a ka ta shige ɗaki tana kuka. Baba ya sunkuyar da kai. Ni ji na yi kamar mun tuɓe matar nan a tsakiyar kasuwa.

Dakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce mata zai duba. Sannan ya yafito ni muka fita wajen mota.

"Layi biyu ne kawai," na ce. "Ka rubuta cewa lafiyarta ƙalau."

"In na rubuta wa ɗaya da hatimina, na rubuta wa arba'in da ɗaya ke nan. Takardar tana wurin bugu, Rosa. Cewa za su yi ƙarya muka shirya. Ba tafiya, aikin nan ma da nake ciki sai ya fi ƙarfina."

"Gonarta ce fa. Da ita take ciyar da yaran."

"Bari mu isa can. Wallahi a bincike na gaba zan gyara, da bakina zan faɗa." Tsoro na gani a idonsa, ba mugunta ba, kuma wannan ya fi ɓata min rai don ban samu inda zan kama in tsane shi ba.

Na koma ciki na raka Hajo har bakin hanya. Na ce mata kada ta damu, ni zan zo ranar Alhamis da littafina in yi wa alƙali bayani. Bahaushe ne, da ya ji tambayoyin da aka yi zai gane. Ta kama hannuna biyu ta yi ta sa min albarka har mota ta tsaya.

Da na dawo Inna tana bakin murhu, idanunta jawur. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na ji abin da kika ce mata."

"Inna, ke ma kin san gaskiya ce."

"Na fi ki sanin abin da matar nan ta yi yau. Ni ko da wuƙa a wuya ban san zan iya ba." Ta tura itace cikin wuta. "Amma leƙa ki ga ubanki. Yau ya kashe rediyo. Ga Agnes an koro ta daga makaranta, ga sauran a bayanta. In kika je kika tona mutumin nan a gaban alƙali, wa zai aure ki, wa zai dube mu? Ban ce ki yi ƙarya ba, Rosa. Shiru kawai na ce ki yi."

Kwana huɗu ina juya maganar. Ranar Alhamis na yi wanka da sassafe, na sa littafin a jaka na nufi tasha ban gaya wa kowa ba. Motar Makarfi saura mutum biyu ta cika, har na sa ƙafa ɗaya a ciki. Sai na ji hon a bayana. Farar Fijo ce.

"Daga gidanku nake," in ji shi. "Shigo, Zariya za mu. Mai hoton fasfo da azahar yake rufewa, ga tela yana jiran awonki."

Bai tambaye ni ina za ni ba. Ya ga jakar, ya san abin da ke ciki. Ina so ku ji wannan da kyau, ku masu cewa na yi dace: ba wanda ya ja ni, ba wanda ya daka min tsawa. Ni na sauke ƙafata daga waccan motar na shiga wannan.

Hanyar ta Makarfi ta bi. Daga nesa na hango ta a gindin wata bishiya kusa da kotu, ta yi wanki, ta yafa farin mayafi, Sabuwa da Zulaihatu a gefenta. Duk motar da ta taho sai ta miƙe ta leƙa. Da muka matso na sunkuya kamar ina gyara maɗaurin takalmi, ban ɗago ba sai da muka fita gari. A hoton fasfon da aka ɗauke ni ranar har murmushi na yi, yana nan in kuna son gani.

Aka ba Ɗan'azumi fadamar. Mu kuwa muka yi aure a watan Disamba muka tafi. Agnes ta koma makaranta, ta zama nas. Bincike na gaba ya zo, na gaba da shi ma ya zo, kowanne a kan na farkon aka ɗora shi. Ɗalibansa suka zama farfesoshi suna koyar da shi a ƙasashen da ban san sunansu ba. Sau biyu na tuna masa alkawarinsa. Na farko ya ce lokaci bai yi ba. Na biyu ya ce lokaci ya wuce.

Bara, bayan mun dawo gida gaba ɗaya, na ɗauki mota ni kaɗai na je Gubuchi. Hajo ta rasu shekaru da yawa da suka wuce. Sabuwa na samu, ta tsufa fiye da shekarunta, tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ta ce bayan shari'ar uwarsu ƙwadago ta koma yi a cikin raken nan nata. Yara suna binta suna kiranta mai jan kati. Ko gardamar akuya aka yi ta sa baki, sai a ce a ƙyale ta, likita ma ya ce ba ta riƙe abu.

Na tambaye ta ko ta taɓa ambatona.

"Ke ce Malama mai takarda?" Ta saki gyaɗar ta kama hannuna, da murnarta. "Kullum tana maganarki. Ta ce ke mutuniyar kirki ce, mota ce ta lalace miki a hanya ranar."

Yanzu da nake rubuta muku wannan, Dakta yana falo da tabaransa yana gwada jawabin godiya, ina jin muryarsa yana jero sunayen abokan aikinsa na ƙasa uku. Littafin mai shuɗin bango yana kan cinyata. Bangon ya koɗe amma rubutun yana nan, mata arba'in da ɗaya.

Ɗazu na buɗe wayar na amsa wa Bernice. Na ce ta gaya musu zan yi magana, kuma ba sai an sayi leshi ba. Ta turo, "Yauwa Mama! Me za ki ce?"

Na rubuta mata cewa sunaye zan karanta. Ban gaya mata ba, amma da Lawal zan fara.